Ranar da Na Hana Abuna Shan Ruwa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Laraba a watan Agustan 2014. Na san lokacin daidai ne domin na rubuta shi (ni irin mutanen nan ce masu rubuta lokaci a gefen takarda, kamar wata rana za a kira su shaida a kotu). A wannan mintin ne ƙawata Marina ta faɗi kalma guda ɗaya, ni kuma na gyaɗa kai kamar na gane, maimakon in buɗe baki in tambaya.

Sai na fara gaya muku halina, in ba haka ba za ku ɗauka ƙarya nake yi. A lokacin shekarata uku a Alƙahira, ina karatun tarihi a jami'ar da ke Giza. Larabcin da na taho da shi daga Zariya na littafi ne, irin wanda ake karantawa a tsaye a kan mumbari. A satina na farko na je kasuwa sayen tumatir, na gyara murya, na ce wa mai tebur abin da in an fassara shi zai zama, "Ya kai mai sayarwa, lalle ne ni ina nufin tumatiri." Mutumin ya ajiye ma'auninsa, ya ɗaga hannuwa sama, ya ce, "Sadaƙallahul azim!" Layin 'yan kayan miya gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Tun daga ranar na koma nuni da yatsa. Shekara uku ina sayen komai da yatsa, ina hawa mota da yatsa, ina cin jarrabawa da alƙalami.

Marina ce Bamisriya ta farko da ta yi haƙuri da shiruna. Kirista ce daga Kibɗawa, ajinmu ɗaya, kuma Allah ya hore mata surutun da ya ishe mu mu biyu. Ranar Larabar nan muna fitowa daga ɗakin karatu ta ce mini mutanen cocinsu za su yi tattaki Juma'ar sama. A wurinsu akwai wata doguwar hanya da suka yi imani Nana Maryam ta bi da Annabi Isa, alaihis salam, yana jariri, lokacin da suka gudo Masar. Hanyar ta faro tun daga Sina'i har can kudancin ƙasar, su kuma suna bin ta da ƙafa gutsure-gutsure, kowace shekara wani yanki. Rabon bana shi ne daga Matariya zuwa Tsohuwar Alƙahira. Ta san ina rubutu a kan tsofaffin unguwannin garin, shi ya sa ta nema mini izini.

"Kwana uku ina yi wa Teta magiya," in ji ta. Teta kakarta ce, kuma da alama ita ce gwamnatin tafiyar. "Ta ce, 'Musulma, kuma baƙuwa, me za ta yi a cikinmu?' Na ce mata ke ba ki da matsala, ko magana ma ba kya yi. Na tsaya miki, habibti, ƙawata. Don Allah kar ki ba ni kunya."

Na ce ba zan ba ta ba.

"Af, ki sani duk za mu kasance da azumi. Azumin Nana Maryam ne, gobe ake farawa."

"Tamam," na ce, wato shi ke nan.

To, ga mintin nan. Tambaya ta taso mini har maƙogwaro: azumi irin wane? Na haɗiye ta. Ai na karanta littafi uku a kan tarihin cocinsu. Na san sunayen gidajen ibadar da ke cikin hamada, na san ƙarnin da aka gina kowanne, na san saɓanin da malamansu suka yi da na Rum. Mai irin wannan sani ba za ta tsaya tambayar ma'anar azumi ba. (Babu ɗaya cikin littattafan ukun da ya ambaci abin da mutanen ke ci. Masu rubuta tarihi ba sa jin yunwa.) Kwana tara ne tsakanin Larabar da Juma'ar. Kwana tara ina da lambar Marina a waya, ban tambaya ba.

Da na koma gida na gaya wa Hauwa'u, 'yar Maraɗi da muke ɗaki ɗaya. Tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba.

"Coci-coci za ki bi da ƙafa, cikin wannan rana? Ke dai ki dawo mana da sunanki na yanka."

Na ce mata bincike ne, kuma Nana Maryam tamu ce mu ma, ba zan yi ibadarsu ba, kallo da rubutu kawai. Sannan na bayyana mata shirina, wanda har yau ina ganin tsarinsa ya yi kyau. Tunda mutane za su yi azumi, rashin kunya ne in bi su ina kurɓar ruwa. Ga shi muna cikin Shawwal, saura mini kwana biyu a cikin shidan nan. Sai in ɗauki ɗaya ranar: ga ladabi, ga lada.

"Kin tambaye ta yadda suke yin nasu?"

"Azumi ai azumi ne."

"Mhm," in ji Hauwa'u.

Ita ce ma ta ba ni rabin kilishin da mahaifiyarta ta aiko mata, wanda take ɓoyewa a ƙarƙashin akwati ta ci da lissafin kwana. Na ce zan fito da shi lokacin buɗe-baki, in raba wa kowa, Teta ta ga cewa mu ma 'yan gidan mutunci ne.

Na yi shiri irin wanda na iya. Na zana taswirar hanyar da hannuna. Na rubuta tambayoyi goma sha huɗu da zan yi wa limaminsu, na sa musu lamba, na gyara nahawunsu sau biyu. A kowane shafi na ja layi na ware gefe, na rubuta "Tunani" a sama, domin na ji an ce masu irin wannan tafiya suna samun buɗi a zuciya, ni kuwa ba na son buɗin ya zo ya tarar babu wurin rubuta shi. Ranar Juma'a na yi sahur da shayi da burodi, na ɗaura niyya, na hau jirgin ƙasa na farko.

Ƙarfe shida muka haɗu a Matariya, wajen wata tsohuwar bishiya da suke cewa Nana Maryam ta huta a inuwarta. Mu kusan ashirin ne. Marina ta kai ni gaban limamin, wanda suke kira Abuna, wato babanmu. Dattijo ne mai gemu har ƙirji, da baƙar riga har ƙasa, a ƙarƙashinta kuma takalmin 'yan ƙwallo fari fat. Ya yi mini maraba. Na ɗan rusuna masa. Sannan ta kai ni gaban Teta, wata gajeruwar tsohuwa mai baƙin gyale da sanda. Ta dube ni daga hijabi har takalmi, ta ce wa Marina, kamar ba na wurin, "Wannan ce? Ba ta da jiki."

Kusa da bishiyar akwai rijiya. Na ga kowa yana cika gora yana sawa a jaka, babu wanda ya kai baki. Na ji daɗi a raina, na ce ka ga masu azumi, suna tanadin buɗe-baki tun da safe. Na rubuta: "6:20, rijiya ta ɗaya."

Muka kama hanya. Safiyar Juma'a a Alƙahira ita ce kaɗai lokacin da garin ke rufe bakinsa. Shaguna a kulle, karnuka kwance a kan motoci, iska tana ɗan kaɗawa. Suna tafiya suna rera addu'o'insu a hankali, ni ina can baya ina nawa tasbihin. Teta ta yi minti ashirin a ƙafa, ta tsayar da tuktuk (keken nan mai ƙafa uku), ta hau. Wata mata ta ce, "Teta, ai tattaki ne." Ta ce, "Ita ma mai hanyar da jakinta ta zo." Daga nan haka ta riƙa yi: ta wuce mu, ta jira mu a inuwa, ta gaya mana mun yi jinkiri.

Har yanzu littafin nan yana wurina, kuma ga abin da ke gefen "Tunani", ban canza ko wasali ba.

"7:15. Rayuwa ita ma hanya ce."

"8:40. Rayuwa hanya ce mai tsawo."

"9:30. Haƙuri."

"10:10. Ruwan rake."

Ba laifina ba ne. Duk wanda ya zauna a Masar ya san ba a gina garin don mai ƙishirwa ya yi tunani ba. Kowace kusurwa da shagon matse rake, injin yana gurnani, kumfa tana zubowa a bakin kofi. Kowace ƙofar gida da tulunan ruwa ko na'urar sanyaya shi, waɗanda mutane ke ajiyewa sadaka don masu wucewa. Ga mai tsamiya da katon tulun tagulla a bayansa, yana kaɗa faranti biyu ƙal-ƙal-ƙal, kamar da ni yake. Na ƙirga wuraren shan ruwa kyauta har talatin da ɗaya kafin na gane ƙirgar ba ta taimakona.

Amma kar in yi wa ranar ƙarya, akwai wuri ɗaya da wani abu ya taɓa ni da gaske. Wajen Abbasiyya muka wuce wata mata zaune a gefen titi, da jariri a cinya da ƙullin kaya a gefenta, tana kallon motoci kamar ba ta san wacce za ta shiga ba. Sai na tuna ranar da na sauka a filin jirgi, da akwati ɗaya da adireshi a takarda, kowa yana magana da sauri ba na kama ko kalma. Na ce ashe wadda ake bin sawunta yau haka ta iso garin nan, yarinya ƙarama, da goyo, da tsoro a bayanta. Tun ina Islamiyya nake jin labarinta, ban taɓa tunanin ƙafarta ta yi ciwo ba. Na so in rubuta wannan, amma hannuna ya yi nauyi. Shi kaɗai ne tunanin kirki da na yi a ranar, kuma shi kaɗai ne babu a littafin.

Abin da ya riƙe ni shi ne ganin su. Tsofaffi, masu ƙiba, Abuna da baƙar riga a tsakiyar rana, babu wanda ya taɓa gorarsa. Na ce in waɗannan za su kai magariba, ni jikar masu noma da azumi ba zan faɗi ba.

Dab da sha biyu muka shiga lungunan tsohon gari, ba nisa da Darrasa inda nake sayen littattafai. Can ciki akwai wata tsohuwar coci wadda ƙasa ta binne rabinta, sai ka sauka matakala kafin ka shiga. Suka yi addu'a, na tsaya a bakin ƙofa na jingina da bango mai sanyi. A ciki ma akwai rijiya. Na rubuta: "11:50, rijiya ta biyu." Rubutun ya karkace kamar na 'yan aji ɗaya.

Aka fito tsakar gida aka zazzauna. Ni ina tsaye kusa da Abuna, domin na yanke shawarar lokacin tambaya ta ɗaya ya yi. Ina cikin maimaita ta a zuci, sai na ga ya sa hannu a jaka, ya ciro gora, ya buɗe murfin, ya ɗaga ta zuwa bakinsa.

Ku fahimce ni. A gidanmu, idan ka ga mai azumi ya manta zai sha ruwa, ba ka tsayawa sallama. Mu 'yan Malikiyya ne, wanda ya sha da mantuwa a azumin farilla sai ya rama. Na taɓa ganin kakata ta buge kofi daga hannun kawuna, kuma har yau yana yi mata addu'a. Ga dattijo, shugaban mutane, ya sha wahalar awa shida, zai ɓata azuminsa a gaban mabiyansa, kuma duk cikinsu babu mai kishin da zai tuna masa. Na duba dama da hagu. Kowa yana laluben jakarsa. Ni kaɗai Allah ya nuna wa.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na kai hannu don in riƙe gorar, amma ƙishirwa ta lalata mini awo, sai na mangare ta. Kuma bakin nan da ya shekara uku a kulle ya buɗe gaba ɗaya, da Larabcin mumbari, da muryar da ban san ina da ita ba:

"Dakata, ya kai dattijo mai girma! Lalle ne kai mai azumi ne, kuma rana ba ta faɗi ba!"

Tsakar gidan da bango huɗu, sai da maganar ta dawo mini sau biyu.

Gorar ta yi sama, ta juye a kan gemunsa, ta gangara ta tsaya a gaban sandar Teta. Ruwa yana ɗiga daga gemun, ɗis, ɗis, a kan farin takalmin. Sai a lokacin idona ya ga abin da mutane ke lalube a jakunkunansu. Burodi. Wake dafaffe. Ta'amiya, ƙosan nan nasu. Tumatir da gishiri. Wata mata ta tsaya da loma a rabin hanya, bakinta a buɗe.

Daga can baya wata murya ta ce, a hankali, cikin ladabi, "Sadaƙallahul azim."

Abuna ya matse gemunsa da hannu ɗaya kamar mai matse tsumma. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya binti, 'yata," ya ce, "an yi mini baftisma ina jariri. Ba a gaya mini akwai ta biyu ba."

Dariyar da aka yi, na tabbata masu fitowa sallar Juma'a a Darrasa sun ji. Mutum biyu ne kawai ba su yi ba: Teta, da Marina. Marina ta ja ni gefe, fuskarta ja kamar an mare ta, tana magana ta tsakanin haƙora. Azuminsu ba irin namu ba ne. Ana kame baki daga ci da sha zuwa wani lokaci, yau sha biyun rana ne. Bayan nan a ci a sha, sai dai ban da nama, ban da ƙwai, ban da madara da duk abin da ya fito daga dabba, har azumin ya ƙare.

Na so a ce na saurari jimlar ƙarshen nan. Ban saurara ba. Kunnena yana ƙara, zuciyata tana cewa ki gyara, ki gyara yanzu. Tunda buɗe-bakinsu ya yi, ai lokacin kyautata ya yi. Na zuge jaka, na ciro ƙunshin Hauwa'u, na kwance takardar, na durƙusa a gaban Teta kamar yadda aka koya mini a gida, na miƙa da hannu biyu.

Kun san ƙamshin kilishi idan ya sha rana a cikin jaka. Ya tashi ya cika tsakar gidan, yaji da ƙuli da citta, a hancin mutanen da rabonsu da nama kwana tara.

Teta ta ɗaga falle ɗaya da yatsa biyu, ta juya shi. "Mene ne wannan? Fatar takalmi?"

"Nama ne," na ce, da alfahari.

Ta sake shi kamar ya cije ta. Marina ta rufe fuska da hannu biyu. Abuna ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Kwatankwacin abin da na yi shi ne ka shiga masallaci da azahar a tsakiyar Ramadan, ka fara hana liman alwala, sannan ka bi sahu kana raba kunun gyaɗa.

Mai hankali a nan za ta karɓi ruwa ta sha, ta ba da haƙuri, ta hau mota ta koma gida. Marina ma ta miƙo mini gora, ta ce, "Khalas, ya isa, sha." Na ce a'a, na riga na ɗaura niyya, ba a karya azumi don wasa. Gaskiya ne haka hukuncin yake. Amma gaskiyar da ta fi wannan ita ce azumin ne kaɗai abin da ya rage mini wanda ban ɓata ba a ranar, kuma ina so Teta ta ga akwai abu ɗaya da zan iya kaiwa ƙarshe. Na lallaɓa wani ƙaramin masallaci na yi azahar. Ban taɓa kurkurar baki a hankali irin ta ranar ba, ban kuma taɓa zubar da ruwa ina jin kamar ina rabuwa da ɗan'uwa ba.

Muka ci gaba. Yanzu kowa ya ƙoshi, ana tafe ana raha, wasu suna maimaita "ya kai dattijo mai girma" suna ƙyaƙyatawa. Marina tana gabana, ba ta juyo ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi ƙishirwar ciwo. Ita kaɗai gare ni a garin nan ban da Hauwa'u, ta roƙe ni abu ɗaya tak, na kuwa yi shi ninki biyu cikin minti biyar.

Wajen ƙarfe biyu muka iso gindin wata doguwar katanga mai bakuna, wadda tsofaffin sarakuna suka gina don ta riƙa ɗaukar ruwa daga kogin Nilu zuwa fada. Na san tarihinta sarai. Ina tuna ina gaya wa kaina ƙarnin da aka gina ta, da cewa yanzu ko ɗigo babu a cikinta, sai na ga bakunan sun fara zagayawa, titin kuma ya taso ya same ni.

Da na buɗe ido ina zaune a ƙasa, na jingina da katangar ruwan da babu ruwa, Marina tana shafa mini jiƙaƙƙen hankici a fuska, tana kuka tana zagina a lokaci ɗaya.

"Jaka! Kina so a ce na kashe 'yar mutane? Me zan gaya wa mamarki? Da wane yare?"

Tuktuk ya tsaya a gabanmu. Teta ta leƙo, ta nuna ni da sanda, ta nuna kujerar gefenta. Babu wanda ya yi musu. Haka na ƙarasa tattakin tarihi: a matse tsakanin tsohuwa da sandarta, waƙar biki tana tashi daga lasifika, kaina a kan kafaɗar matar da ta ce ba ni da jiki.

Mun riga kowa isa Tsohuwar Alƙahira. Ta ja ni ta wani siririn lungu, muka shiga coci ta ƙarshe, mai duhu da sanyi da ƙamshin turare. Ta zaunar da ni a benci. A gabanmu, a ƙasa, ga bakin wata rijiya an rufe shi. Don sabo na ciro littafi zan rubuta "rijiya ta uku". Sai na tsaya ina kallon shafin. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Tambayoyina goma sha huɗu suna nan da lambobinsu, babu wadda aka taɓa, kuma babu wadda nake son sanin amsarta.

Kafin in gaya muku abin da ya biyo baya: na rama azumin ranar Litinin, a ɗaki, ƙarƙashin fanka. Marina ta huce, ko da yake har muka gama jami'a sunana a wayarta "Lalle Ne". Hauwa'u ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta tambayi ina kilishinta. Ni kuma tun daga ranar, ko "ina kwana" aka ce mini a baƙon wuri, sai na tambaya irin wane kwana ake nufi. Na gano mai jin kunyar tambaya ba ta tsira daga kunya ba, tara ta kawai take yi, ranar da za ta biya kuma a gaban jama'a ne.

Amma a kan bencin nan ban san ko ɗaya daga wannan ba. Na juya wajen Teta, na tattaro ɗan Larabcin kasuwa da na shekara uku ina ji ina ƙin furtawa, karyayye, babu nahawu, babu "ya ke". Na ce, "Teta, me ya sa duk inda muka tsaya akwai rijiya?"

Ta jingine sandarta. Sannan ta buɗe jakarta, ta ciro gorar da ta cika tun Matariya, ta kwance murfin da kanta, ta danƙa mini a hannu.

"Ashe kina magana irin ta mutane," ta ce. "Ya binti, wadda ta bi hanyar nan baƙuwa ce kamarki. Ba ta jin yarenmu, ba ta karanta littafi a kanmu ba. Amma duk garin da ta shiga, sai ta buɗe baki ta ce, 'Ina ruwa?' Shi ya sa ta isa. Yalla, maza sha. In kin gama ki miƙo mini fatar takalmin nan in sa a jakata, kar Abuna ya gani. Saura sati ɗaya azuminmu ya ƙare."